Yadda Tukur Ya Gyara Akushin Goggo

A Badaguishiri ba a tambayar ɗan bida, wato mai zuwa ci-rani, abin da ya samo, don jaka ba ta ƙarya. Abin da ya gano ake tambayarsa, a nan kuwa ake shan labari. Da Tukur ya dawo daga Abijan gab da azumi, jakarsa ba ta fi ta mai zuwa cin kasuwar Tajaye ba, amma bakinsa sai da aka matsa masa wuri a majalisa.

Cewa ya yi shi kafinta ne, ba kuma irin kafintocin nan masu benci da ƙyaure ba. Shi aikinsa akushin zamani. A yanka itace iri-iri ƙanana-ƙanana, fari da ja da baƙi, a manna su da gam su zama zobe, a ɗora zobe bisa zobe, sannan a ɗaura abin a bakin inji yana juyawa, kai kuwa kana riƙe da ƙarfe mai kaifi kana fere shi har ya fito sumul. Bai yi ƙarya ba, ana yin wannan aiki a duniya. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne, gadi ya yi a ƙofar gidan da ake aikin, ta taga ya koya. Ta taga kuwa juyi kaɗai ake gani. Kwanakin da mai aikin ke matse kayansa ya rufe ɗaki yana jiran gam ya kama, Tukur ya ɗauka hutu ne irin na masu hali.

To, a unguwarsu akwai wata al'ada. Ranar ƙaramar Sallah, da an sauko daga idi, kowane gida sai ya fito da tuwonsa ƙofar gidan mai unguwa, maza su zauna su ci tare. Gidaje da yawa sun koma kwanon silba da kula, amma gidan Sallau, gidan su Tukur, har yanzu da akushi yake fita. Akushi ne baƙi ƙirin, mai faɗi, wanda marigayi Sallau, kakan Tukur, ya ci a ciki har ya bar duniya. Yanzu yana hannun 'yarsa Goggo Hanifa, yayar mahaifin Tukur, wadda ta dawo gidan ubanta bayan rasuwar mijinta. Tun tana budurwa take shafa masa man shanu. Ba ta ba da aronsa, ba ta bari wani ya wanke shi, kuma ba a taɓa yin Sallar da bai fita ba. Abin da ya rage mata na ubanta ke nan, ta kuwa sha faɗa.

Bana sai ya yi 'yar tsaga a baki, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Da azumi ya kankama, Goggo ta naɗe shi a zane za ta kai wa gyartai ran kasuwa. Tukur ya tare ta a zaure.

"Goggo, ina za ki da kakana?"

"Wurin gyartai. Ba ni hanya."

"Gyartai? Ina raye, ina cikin garinga? Wallahi in anka ji Abijan sai an yi mani dariya. Kawo shi nan. Ran Sallah in anka hito da shi, mai unguwa da kai nai sai ya miƙe tsaye."

"Ni ba tsayuwa nika so ba. Tsagar nika so a ruhe."

"Ki ɗauka an ruhe."

Goggo ta dube shi, ta dubi akushi, ta leƙa ranar da ke waje. Gwiwoyinta ba su son hanyar kasuwa da azumi a baki. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kahin Sallah, Tukur."

"Kahin wata shi raba ma, Goggo."

Kafin la'asar ya sa masa zarto. Da haƙoran zarton suka shiga, wani ƙamshi ya taso, ƙamshin duk tuwon da ya ci tun daga yaye, sai da gabansa ya faɗi. Amma mai baki bai cika sauraron gabansa ba. Ya ci gaba har akushin Sallau ya koma tulin 'yan guntaye a kan buhu. Daga nan ya bi gida-gida yana roƙon itacen da za a haɗa: ƙotar gatarin da ta tsage, taɓaryar da ta karye, ƙafar wani tsohon gado. Su ma ya yanyanka su.

Saura inji. Nan ya nufi Muttaka, ɗan Goggo Hanifa, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba sai da zagi. Muttaka manomin albasa ne a fadama, an kuwa gama cirar albasa, injinsa na ban ruwa yana zaune ba aiki.

"Bawana, ara mani injinka."

"Wa za ka ba ruwa? Ko bakinka na ya bushe?"

"Akushi za ni yi da shi."

"Da injin ban ruwa?"

"Inji inji na. Shi dai juyi yas sani, bai san mi shika juyawa ba."

Muttaka ya ga kamar da gaskiya a maganar. Ga shi kuma yinin azumi da tsawo, mutum yana son abin kallo. Suka cire wa injin famfonsa, suka haɗa shi da bel ɗin injin niƙa da cibiyar tayar moto, suka kafa a ƙarƙashin wata rumfa a bakin hanya, daura da itacen dogon yaron da mazan unguwa ke kwanciya a inuwarsa bayan azahar. Maƙeri ya wasa wa Tukur guntun sifirin mota, ya zama ƙarfen fira.

Zancen gam bai ɗaga masa hankali ba. Gam ɗin Turawa, in ji shi, ba komai ba ne illa ƙaron dajinmu, su saye shi a buhu su mayar mana a kwalba. Ya jiƙa ƙaro, ya manna zobe bisa zobe, ya shanya a rana. Washegari abin ya tsaya da ƙafarsa, ya kusa ninka akushin Sallau girma, baƙi nan, ja nan, fari can.

Ranar fira Tukur ya fito da babbar riga, don a cewarsa ubangidan aiki ba ya aiki da singileti. Masu azumi suka taso daga inuwa suka kewaye shi, wasu har suna cusa kai cikin akushin. Muttaka ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama, akushi ya fara juyawa, ya yi sauri, ya soma fito. Tukur ya ɗaga ƙarfensa, ya juyo ga jama'a.

"To, ku buɗe idanu. Abin da za ku gani yanzu, ko Yamai ba a..."

Fau!

Da ya waiwayo, ba kome a gabansa sai sandar ƙarfe tana juyawa ita kaɗai. Can sai aka ji itace yana sauka bisa rufin kwano ɗai-ɗai. Ba wanda ya ji ciwo, ikon Allah, sai zabuwar Gimbiya mai ƙosai, wadda ke wucewa da harkarta a bayan rumfa. Zabuwar ta faɗi tana shure-shure.

"Wuƙa! A kawo wuƙa!"

Mutanen da tun safe ke cewa ba su da ƙarfin korar ƙuda, sai ga su suna tsallake juna. Aka cim mata da sauran numfashi, aka yanka. Gimbiya ta fito da mayafi a hannu.

"Wa yak kashe mani zabuwa?"

"Ba a kashe ta ba," in ji Tukur. "Yanka ta anka yi, da bisimilla."

"Ita nika tanadi don Sallah!"

"To, Sallah ta zaka mata da wuri."

Gimbiya ta ɗauki zabuwarta ta ƙafa, ta ce ta bar shi da Allah, kuma ya tuna wane wata ake ciki. Tukur ya bayyana wa jama'a cewa wannan gwaji ne, kowane inji sai ya yi atishawa ranar farko. Ya roƙi a taya shi tsintar itace.

Wurin tsintar ne Muttaka ya ɗauki wani baƙin guntu. Ya juya shi, ya kai hanci. Ya ja Tukur bayan rumfa.

"Tukur, wanga mi na?"

"Itace."

"Itacen wa?"

"Na gado."

"Inna lillahi! Akushin Inna kay yanka?"

"Gyara nika yi."

"Tsaga guda gare shi!"

"Yanzu ai ba a gane ta."

Muttaka ya ce yanzun nan zai je ya faɗa wa uwarsa. Tukur ya ce ya tafi, ya kuma haɗa mata da bayanin injin da aka yi aikin da shi. Muttaka ya yi taku kaɗan ya tsaya. Daga ranar ya daina zama ɗan kallo, duk inda baƙin guntu ya faɗa shi ke fara isa.

Da aka sha ruwa, Goggo ta miƙo wa Tukur kunu.

"Ina akushi?"

"Shina shan magani, Goggo."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Kunun da Tukur bai shanye ba ke nan.

Ba za a ce bai ɗauki darasi ba. Ya ari kaske, wato hular kwano, ta wani ɗan kabu-kabu, irin mai rufe fuska gaba ɗaya. Sannan ya ja layi da ƙafa a ƙasa kewaye da rumfa, ya ce daga yau ba mai tsallake shi in ana aiki, haka dokar take a Abijan. Wani ya tambaya ko an sanar da itacen zancen layin. Tukur ya ce jahilci ba ya ƙarewa a garin nan.

Gam kuwa ya gane inda aka yi kuskure: ƙaron bana ne ba shi da ƙarfi, saboda ƙarancin damina. Ya je wurin mai faci a tasha ya sayo sholisho. Abin da ke riƙe tayar mota daga nan har Agadas, ɗan akushi ne zai gagare shi? Suka yini shi da Muttaka suna shafawa suna mannawa, warin ya cika bakin hanya, har wani dattijo ya aika a tambayo liman ko shaƙar wannan abu tana karya azumi.

Wannan karon jama'a suka tsaya bayan layi. Tukur ya sa kaske bisa babbar riga. Muttaka ya ja igiya.

Bai fashe ba. Wannan kam a ba sholisho haƙƙinsa. Sai dai shi gam ne mai miƙewa, don haka da juyi ya yi ƙarfi sai akushi ya fara buɗewa, bakinsa yana faɗi, gindinsa yana tasowa, yana neman komawa faifai.

"Kun gani?" Muryar Tukur ta fito daga cikin kaske. "Girma shikai!"

Ya sunkuya don ya duba da kyau. Hannun rigarsa ya taɓa sandar. Inji bai yi shawara da kowa ba, ya kama shadda ya fara naɗewa. Aka ga Tukur ya bi rigarsa, ya durƙusa, ya miƙa hannuwa sama, rigar ta zare ta kansa da ƙyar, tana kurɗawa ta kan kaske. Allah ya so wuyan rigar mai faɗi ne, da hannun ne ya tafi. Muttaka ya kashe inji, amma kafin nan akushi ya kwance daga sanda, ya tashi da riga da kome, ya ƙetare hanya, ya sauka a bayan jakin wani mai amalanken albasa. Jaki ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya yanka a guje. Har magariba ana tsintar albasa da itace, ana warewa.

Tukur ya tsaya da kaske da singileti mai huda a ciki. Ya ce ko a Abijan akan samu haka in iska ta juya.

Mai unguwa Nafi'u ya zo da kansa. Ya dubi inji, ya dubi Tukur, ya yanke hukunci: daga yau ba a tada wannan abu sai mai shela ya zagaya unguwa. Aka bi doka. Tun daga nan ko moto ce ta yi ƙara a bakin hanya, sai ka ji mata suna kiran kajinsu.

Wata ya raba, ya wuce. Kwance sholisho daga jikin itace ba ƙaramin aiki ba ne, ya ci musu kwanaki. Kuma kowane tashi sai baƙaƙen guntayen sun ragu, wasu sun maƙale a rufin mutane, wasu ba a san inda suka nufa ba. Wata yamma Goggo ta kira Tukur.

"Mi ka ƙara can bakin hanya?"

"Ci gaba na, Goggo."

"To. Wata ya kusa, Tukur. In ba ka iyawa, maido mani abina da tsaga tai, na gode. Na san gehen da nika juyawa kada miya ta zuba."

Maganar ta soke shi. A lokacin da za a ce ya ba da duk labaran Abijan a mayar masa da akushi mai tsaga ɗaya, da ya bayar. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko da inji ke jan rigarsa. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, amma bakin bai saba ba, sai ya ji ya ce saura goge-goge kawai.

Ana jibi Sallah ya hau mota zuwa Konni, ya sami shagon masu kayan kafinta, ya sayi gam na gaskiya, fari, a roba. Mai shago yana ƙulla masa a leda yana cewa katako ya zama tsaf, ba mai ba ƙura, a matse shi, a bar shi ya kwana. Tukur kuwa a daidai lokacin yana ba shi labarin yadda ake gam a Abijan. Cikin duk bayanin, matsewa kaɗai ta shiga kunnensa.

Ran jajibiri da sassafe suka baje guntaye. Nan Tukur ya lura da wani abu: na Sallau baƙaƙe ne suna sheƙi, sababbin kuwa sun yi furu-furu. Kowa kuma ya sani, akushin da bai sha man shanu ba ba akushi ba ne, kwacciya ce ta itace. Ya tare wata Bafulatana mai tallar nono ya sayi man shanu, ya ce maimakon a jira sai an gama a shafa a waje, gara a shafe kowane guntu ciki da bai tun yanzu, mai ya shiga tun daga tushe. Wannan karon ko Muttaka bai yi musu ba. Shi ma tun da ya buɗe ido haka ya ga uwarsa tana yi wa akushi.

Gam da mai kuwa ba su taɓa shiri ba. Na Sallau ma ko ba a ƙara musu ba, sun sha man da ya ishe su tun kafin a haifi su biyun. Amma suka shafe su tas, suka bi da farin gam, suka jera. Da aka zo matsewa, Tukur ya ɗora katako a kai ya hau ya zauna, daga hantsi har azahar, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Zancen kwana bai taso ba, don da yamma za a nemi wata.

Bayan azahar mai shela ya zagaya. Aka shigar da awaki, aka rufe tagogi. Maza suka fito kallo, amma ba wanda ya kula da layi: wasu bayan katanga, wasu ƙarƙashin amalanke, wani ya kifa tukunya a ka. Tukur ya zo da kaske da singileti, ya ɗaure ƙafafun wandonsa da igiya. Muttaka ya ja igiyar inji ya ruga bayan dogon yaro.

Akushi ya juya. Bai fashe ba, bai buɗe ba. Tukur ya matso a hankali, ya kai bakin ƙarfe. Sai ga wani siririn ɓawon itace ya fito yana naɗewa, ya faɗi a ƙafarsa. Wani ya biyo. Inda ƙarfen ya bi ya yi sumul, baƙi da ja da fari suka haɗu suna gudu tare. Wallahi abin ya yi kyau, irin wanda ya riƙa gani ta taga. Daɗi ya cika Tukur har ya ji ƙwalla. Bai lura ba cewa zafin rana da zafin fira sun fara narkar da mai, har ya ja masa layi a gaban singileti. Ya miƙa hannu ya ƙara wa inji wuta.

Daidai nan Goggo Hanifa ta ɓullo daga lungu, da sandarta da mayafinta. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji shela ba. Ita dai ta gaji da jira, ta zo karɓar akushinta ta wanke shi da kanta. Mutane suka shiga ɗaga mata hannu suna ihu daga bayan katanga. Ta ɗauka gaisuwa ce.

"Lahiya lau," in ji ta. "Ina wuninku?"

Ta tsallake layi.

"Inna!"

Muttaka ya fito daga bayan itace a guje, ya rungume ta, ya juya wa inji baya. Ko ƙiftawa ba a yi ba abin ya tashi. Wannan ya fi na farko ƙara. Guntu ɗaya ya sami Muttaka a kafaɗa, ɗaya ya fizge sandar Goggo daga hannunta, ɗaya ya nemi Tukur a inda kaske bai kai ba, ya same shi a ƙwauri, ya zaunar da shi a ƙasa. Mai unguwa ya rarrafo ya kashe inji. Wuri ya yi tsit, sai saukar itace bisa rufi.

Goggo ta zame daga hannun ɗanta, ta shafa kafaɗarsa ta ga ba jini. Sannan ta dubi ƙasa. Wani baƙin guntu yana kwance kusa da ƙafarta. Ta duƙa da ƙyar ta ɗauka. Ba ta ko kai shi kusa da ido ba, tafin hannunta ya gane shi.

"Tukur."

Ya cire kaske.

"Ina akushina?"

Tukur ya dubi rufin makwabta, ya dubi saman dogon yaro, ya dubi tsallaken hanya.

"Dut shina cikin unguwa, Goggo."

Wani ya fara dariya a ƙarƙashin amalanke, ya haɗiye ta. Goggo ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa.

"Ku tattaro mani baƙaƙen."

Ba wanda ya tsaya. Manya da furfurarsu suka hau katanga, aka kawo tsani aka bi rufi-rufi, mai unguwa da kansa yana tona yashi da yatsa. Har waɗanda suka ɓata tun tashin farko sai da suka fito. Gimbiya ta kawo ɗaya da take tokare ƙyaure da shi, ta ajiye a kan mayafin. Tukur ya ɗingiso kusa.

"Goggo, an ce akwai wani gam can garin Tawa, wanda ko ƙarhe..."

Ta ɗago ta dube shi. Ya rufe bakinsa. Ta ƙulle mayafin, ta hana kowa ɗauka, ta ɗora a kanta ta juya gida. Da magariba aka ga wata.

Da safe, kafin a tafi idi, wani ƙamshi ya ta da Tukur. Ya fito tsakar gida yana jan ƙafa, ya iske Goggo a bakin murhu, tukunyar tuwo tana kai, ƙullin mayafi yana kwance a gefenta. Tana ɗaukar guntayen ɗai-ɗai, ta shafa kowanne da babban yatsa, ta tura ƙarƙashin tukunya. Itacen da ya sha mai shekara da shekaru ba ya jiran fifita. Wuta ta kama shi tana ci fes, ba hayaƙi, ƙamshin ya tsallake katanga ya bi unguwa.

"Goggo, don Allah kada ki..."

"Ba ni barin ubana warwatse bisa ruhin mutane," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Aiki nai tuwon Sallah. Bari shi yi na bana."

Ta kama muciya da ƙarfi. Tukur ya tsuguna inda yake. Kunya da baƙin ciki suka taru masa, hawaye suka zo, bai ɓoye su ba. Yana nan har guntun ƙarshe ya shiga.

Da aka sauko daga idi ta kwashe tuwo a kwanon silban da ake cin abincin kullum, ta zuba miya, ta rufe da faifai.

"Ɗauka. Kai za ka kai."

"In sunka tambaya hwa?"

"Ka hwaɗa musu."

A ƙofar gidan mai unguwa an jera kwanuka da kuloli bisa tabarmi, an bar fili a tsakiya inda akushin gidan Sallau ke zama, don hannu ya riga ya saba. Tukur ya ratsa mutane yana ɗingishi, ya ajiye kwanonsa a wurin. Bai cika ko rabin filin ba. Kowa ya san abin da ya faru, don haka kowa ya sami abin kallo a wani gefe.

Mutum ɗaya ne bai sani ba: Baba Takama, abokin Sallau na ƙuruciya, wanda tsufa ya cinye wa ido, ba ya fita sai Sallah. Aka zaunar da shi a gaba yadda aka saba. Ya yi bisimilla ya miƙa hannu, yatsunsa suka taɓa bakin ƙarfe. Ya janye.

"Wanga ba akushin Sallau ba na. Ina shi?"

Ido ya koma kan Tukur.

"Baba," in ji shi a hankali, "shi yad dahwa."

Tsohon ya gyara zama. Sannan ya mayar da hannu, ya yanki loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya tauna a hankali, yana gyaɗa kai.

"Shi na," in ji shi. "Ina jin shi."

Ya laluba ya kamo hannun Tukur, ya jawo shi cikin kwanon.

"Ci da kyau, ɗana. Baɗi babu."

Tukur ya yanki loma, ya riƙe ta a hannu har ta huce.